Talata Biyu

Na tashi daga Sidni ranar Talata, sha biyu da rabi na rana.
Tikitin da ke hannuna ya ce
zan sauka Santiyago ranar Talata, sha ɗaya na safe.
Sau uku na karanta.
Wato zan isa kafin in tashi.

Kilomita dubu goma sha ɗaya da 'yan kai,
awa sha biyu da rabi, in iska ta bi bayanmu.
Allon da ke gabana ya zana jirgin
kamar ƙuda a tsakiyar shuɗin faranti,
ba tsibiri, ba gaɓa,
ba inda ido zai ajiye kayansa ya huta.

Babana, Eleuterio, mai gyaran agogo ne.
Shekara arba'in a shagon da ba ya cin mutum uku,
bayan kasuwar kifi, kusa da kogin Mapocho.
Ran da na tafi ya rataya agogo biyu a bango,
ɗaya nasa, ɗaya nawa,
awa sha huɗu a tsakaninsu.
In mai ciniki ya ce, wannan ya lalace,
sai ya ce, a'a, 'yata ce a ciki, gobe take.

Makon jiya Nibaldo ya kira.
Ya ce, Maite, duk sun tsaya, ya daina taɓa su.
Ya ce, ɗazu ya tambaye ni
ko ni ne mai karɓar kuɗin haya.

Shekara sha tara ina juya iyayen wasu a kan gado,
ina goge musu haɓa, ina sanin maganin kowa da ka.
Nawa uban, sai ta waya, ran Lahadi.

An rufe tagogi, an ƙirƙiro mana dare.
Na kusa da ni ya yi barci baki buɗe,
hannunsa duk kanta, da ganinsa ma'aikacin haƙar ma'adinai.
Matuƙi ya ce mun karkata kudu,
can ƙasa akwai ƙanƙarar da ba ta san sawun mutum ba.
Na ɗaga labule kaɗan. Duhu ne, da fuskata.

An ce zumunta a ƙafa take.
Tawa ta kumbura cikin takalmi,
ko taku ɗaya ba ta yi ba.

A wani wuri mun tsallake layin nan
da ba wanda ya taɓa ganinsa,
inda yau ke komawa jiya.
Ko girgiza jirgin bai yi ba.
An miƙo mini shayi a kofin takarda.

Sai ga duwatsu da farin kai,
ga birnin kwance cikin hayaƙinsa.
Na mayar da agogon hannuna baya,
ya yarda, bai yi gardama ba.

A kan hanya na tsayar da tasi,
na sayi burodi huɗu, masu zafi, a ƙunshin takarda.
Ban san dalili ba. Hannu dai ba ya shiga gida wayam.

Yana zaune ƙarƙashin agogunan, bargo a gwiwa.
Ya dube ni, ya dubi ƙunshin.
Bai tashi ba, bai yi mamaki ba.
Ya ce, Maite, kin daɗe.
Layi ne a gidan burodin?

Na ce, layi ne, Baba. Mai tsawo.

Ya gutsura, ya ce da sauran ɗuminsa.

Jirgin komawa awa sha huɗu ne,
kuma zai haɗiye mini yini guda, na sani,
rance ne wannan Talatar.
Na jawo kujera. Na hau.
Na sauko da agogo na biyu daga bango.